Ƙaramin karen kiwo na Amurka: kurakuran da aka fi yi da shi da yadda ake gyara su

Karyarmu tana da wata biyar na fara ganin ta yi abin. Yara suna guje-guje a bayan gida, sai ta kwantar da ƙirji ƙasa, ta ƙura musu ido, ta zagaya ta bayansu da sanɗa, ta yi ta matso su har ta tara su a bakin ƙofa. Ba wanda ya koya mata, kuma ko tunkiya ba ta taɓa gani ba. Irin karen da ake kira Miniature American Shepherd ke nan. Shekara shida muna tare da ita a nan Amurka, kuma kusan duk kuskuren da na yi da kaina, ko na ga wasu sun yi, tushensa ɗaya ne: ido ya ga ɗan kare mai laushin gashi, sai a manta cewa makiyayi ne.

Tun daga suna ake fara tuntuɓe. Mutane da yawa suna jin ana ce masa ƙaramin Australian Shepherd, sai su ɗauka daga Ostireliya aka kawo shi. Ko babban ma a yammacin Amurka aka samar da shi, a hannun masu kiwon tumaki. Ƙaramin kuma a jihar Kalifoniya ya samo asali, inda a 1968 wata mai kiwon karnuka, Doris Cordova, ta fara zaɓen ƙanana daga cikin manyan tana haɗa su a garin Norco. Mahaya dawaki ne suka fara karɓarsa hannu bibbiyu, saboda yana shiga mota ba wahala idan za a tafi wasannin dawaki, kuma da an sauka a shirye yake ya kora dabba. Ƙungiyar American Kennel Club ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa a 2015, a rukunin karnukan kiwo, da sunan da yake da shi yanzu. Sanin wannan tarihin yana da amfani ga mai saye: jiki aka rage, ba a taɓa halin ba.

A nan masu sayarwa suke samun kafa. Namiji tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa inci 14 zuwa 18 ne, mace 13 zuwa 17, nauyi kuma wajen kilo 9 zuwa 18. Idan wani ya nuna maka ɗan mitsitsi a tafin hannu ya ce ai wani nau'i ne na musamman, har ya ƙara kuɗi a kansa, ka ja da baya. Ka nemi ganin uwar da idonka, da takardun gwajin ido da na ƙugu na iyayen.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ajiye shi a ɗaki kamar kyanwa. Ni ma na yi. A watannin farko nakan fita da ita minti goma da safe, in ce ai ƙarama ce, ya ishe ta. Ta cinye ƙafar kujera, ta yage labule, ta koma haushi kan kowace mota da ta gifta. Na zaci rashin ji ne, ashe rashin aiki ne. Abin da ya gyara ta shi ne awa ɗaya ko fiye na motsa jiki kullum, a raba safe da yamma, sannan wani abu da zai gajiyar da kai. Wannan na biyun ya fi ba ni mamaki. Minti goma sha biyar na koyon sabon umarni, ko neman abincin da na ɓoye a cikin ciyawa, yana kwantar da ita fiye da doguwar tafiya. Wanda yake da awaki ko tumaki ya huta, don aikin da aka yi karen dominsa yana bakin ƙofarsa.

Sai cizon diddige. Da haka kakanninsa suke motsa dabbar da ta turje, don haka yaro mai gudu a wurinsa ɗan rago ne da ya bar garke. Wasu suna dariya tun yana kwikwiyo, wasu kuma su ɗauki sanda. Dariya tana zaunar da ɗabi'ar, duka kuma yana mayar da shi matsoraci, tunda dama kare ne mai ɗari-ɗari da baƙi. Na koya wa yarana su tsaya cak su naɗe hannu da zarar ta taɓa ƙafarsu. Wasa ya mutu ke nan. Sai in kira ta, in jefa mata ƙwallo, in yaba mata idan ta bi shi. Sati uku muka yi a haka kafin ta daina.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na magani, domin shi yana kashewa. Da yawa daga cikin karnukan wannan dangi suna gadon wata tawaya a ƙwayar halittar da ake kira MDR1, wadda masu bincike a Jami'ar Jihar Washington suka gano a 2001. A lafiyayyen kare, wannan ƙwayar halitta tana samar da wani abu mai aiki kamar mai gadi a ƙofar ƙwaƙwalwa, yana fitar da wasu magunguna kafin su taru a ciki. Idan mai gadin ba ya aiki, maganin sai ya shige ya zauna. Babban abin tsoro shi ne ivermectin, maganin tsutsa da kaska na dabbobi, kuma duk wanda ya san kiwo a gida ya san yadda ake yi da shi: allurar da aka saya don shanu ko awaki, sai a ɗiba a tsira wa kare don kaska ko ƙazuwa. Karen da ba shi da tawayar yana iya jurewa. Wannan kuwa cikin 'yan awanni sai miyau ya fara dalala, ya riƙa tangaɗi, jiki na karkarwa, gani ya ɗauke, wani ya suma bai farfaɗo ba. Ko kashin dokin da aka bai wa maganin tsutsa bai daɗe ba ya ci, yana iya kamuwa. Maganin gudawa na mutane mai suna loperamide ma yana cikin jerin magungunan da ke cutar da shi. Gyaran ba shi da wuya: a goga auduga a cikin kumatunsa a aika ɗakin gwaji don a gano ko yana da tawayar, sau ɗaya a rayuwarsa. Tamu ta fito da kwafi ɗaya na tawayar, wato daga ɗaya cikin iyayenta ta gaje ta, na rubuta a katinta, kuma duk likitan dabbobin da zai taɓa ta sai na faɗa masa tun kafin ya buɗe jaka. Ɗan adadin ivermectin da ke cikin ƙwayar rigakafin tsutsar zuciya ta wata-wata ba ya cutarwa. Manyan allurai ne matsalar. Idan ba a yi gwajin ba, a ɗauka yana da ita.

Launi ma yana ruɗin mutane. Iri huɗu ne: baƙi, ja, da rodi-rodi mai toka-toka ko mai ja-ja, wanda masu kiwo suke kira merle. Rodi-rodin ya fi ɗaukar ido, musamman idan ya zo da shuɗin ido, don haka wasu sukan haɗa namiji da mace masu rodi-rodi da fatan su sami kwiyakwiyai masu tsada. A lissafin gado, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai gaji launin daga uwa da uba duka, kuma irin waɗannan sukan fito fari fat, da yawansu kurame ko makafi, wasu ma duka biyun. Na taɓa riƙe ɗaya a wata cibiyar karnuka marasa gata. Na tafa hannu a bayan kunnensa, ko motsi bai yi ba. Mai rodi-rodi sai dai a haɗa shi da baƙi ko ja.

Idan zafi ya taso kuma, sai a ji tausayinsa a yi masa aski ƙwal. Gashinsa hawa biyu ne, na ciki mai laushi da na waje mai kare fata daga rana. Kare ba ta gumin fata yake rage zafi ba, galibi ta haki yake yi, saboda haka askin ba ya sanyaya shi, sai dai ya bar rana ta ƙona fatar, gashin kuma ya iya dawowa a hargitse. Abin yi shi ne taje shi sau ɗaya ko biyu a mako, kullum kuma a lokacin da yake zubar da gashin ciki, wanda yakan yi sau biyu a shekara. A ba shi inuwa da ruwa, a fita da shi da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi. Kafin mu hau titi da rani nakan ɗora bayan hannuna a kan kwalta in ƙirga bakwai. Idan na kasa jurewa, sai mu bi ta ciyawa.