Haddar kibiya ba ta cin jarrabawa: kurakuran jadawalin sinadarai

Na daɗe ina koyar da kemistiri a darasin bayan la'asar a nan Sakkwato, ga yaran da za su zauna WAEC da NECO da JAMB. Duk shekara sababbin fuskoki ake kawo mini, amma kuskuren na bara ne. Na gaji da zubar da yawu, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Babban ciwon shi ne girman atom. Yaro zai ga sodiyam yana da ilektiron 11, kulorin yana da 17, sai ya ce kulorin ya fi girma. In ka tambaye shi dalili ya ce, "Malam, ai shina da kaya da yawa, dole shi hi girma." A'a. Su biyun suna layin kwance na uku, wato kowanne ɓawo uku gare shi, ina nufin hawa-hawan da ilektiron suke zama kewaye da cibiya. Ilektiron ɗin da ake ƙarawa daga hagu zuwa dama duk cikin ɓawo guda suke shiga, furoton kuwa suna ƙaruwa a cibiya, suna ƙara jawo komai ciki. Jan furoton 17 ba ɗaya ba ne da jan 11, don haka kulorin ya takure, faɗinsa kusan rabin na sodiyam. In ka gangara layin tsaye ne atom yake ƙiba, domin can ake ƙara sabon ɓawo: litiyam biyu, sodiyam uku, fotashiyam huɗu. Wanda ya tashi a garin albasa bai kamata a sha wahalar fahimtar da shi wannan ba.

Ni ma wannan ramin ya taɓa cinye ni, ba don ban san ƙa'idar ba, sai don na haddace ta a matsayin kibiya, irin wadda ake zanawa a jikin jadawali don nuna inda girma yake ƙaruwa. A shekarata ta farko a jami'a aka ce mu jera O²⁻, F⁻, Na⁺, Mg²⁺ da Al³⁺ (oksijin da fulorin da suka karɓi ilektiron, sodiyam, magniziyam da aluminiyam da suka zubar) daga babba zuwa ƙarami. Ko daƙiƙa goma ban ɗauka ba. Kibiyata ta ce na hagu ne babba, na ɗora sodiyam a gaba, na fito ina taƙama. Ashe kibiyar ta atom ce wanda bai yi asarar komai ba, bai kuma karɓi komai ba. Sodiyam da ya zubar da ilektiron ɗinsa na waje ya rasa ɓawo guda cur. Duka biyar ɗin ilektiron goma-goma gare su, bambancin yana wurin furoton: 8, 9, 11, 12, 13. Mai ƙarancin furoton shi ne mafi girma, wato yadda na rubuto su a sama haka amsar take. Maki kaɗan suka hana ni tsallake kwas ɗin, na maimaita shi, a shekarar da mahaifina ya sayar da albasarsa tun kafin ta yi tsada don ya biya mini kuɗin makaranta. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tun daga nan na ɗauki wata al'ada. Kafin in amsa kowace tambaya irin wannan, sai na rubuta lambobi biyu a gefen takarda: furoton nawa, ɓawo nawa. Ɗalibaina ma ba na barin su zana kibiya a jikin jadawali. Wasu malamai suna ganin na cika tsauri, sun ce kibiya tana sa sauri a JAMB. Su yi ta yi a ajinsu.

Na biyu, ƙarfin da ake buƙata kafin a ɓalle ilektiron na farko daga atom. Gaskiya ne yana ƙaruwa daga hagu zuwa dama, amma hanyar tana da gargada, kuma daidai kan gargadar masu tambaya suke kafa tarkonsu. Naitirojin yana buƙatar 1402, oksijin da ke gabansa 1314 kawai, a ma'aunin kilojul kan kowane mol. Dalili? Matakin 2p, wani sashe na ɓawo na biyu, ɗakuna uku ne. Naitirojin yana da ilektiron uku a can, kowacce da ɗakinta, gida lafiya. Oksijin yana da huɗu, dole biyu su haɗa ɗaki, kuma kun san kishiyoyi a ɗaki ɗaya: ɗan ja kaɗan, ɗaya ta yi yaji. Haka fosforas da salfa suke. Magniziyam 738 ne, aluminiyam da ke gabansa 578, amma nan dalilin daban ne: ilektiron ɗin aluminiyam na ƙarshe ya hau matakin 3p, wanda ya fi sauƙin ɓallewa. Haba yara! Na yi bayanin nan da alli, na yi da duwatsu a ƙasa, mako na zagayowa wani ya rubuta mini oksijin ya fi naitirojin "saboda yana dama". Daman me?

Sauran ƙanana ne, amma suna cin maki. Jadawalin yau da lambar atom aka jera shi, wato yawan furoton, ba da nauyi ba. Mendeleev ɗan Rasha ya bi nauyi a 1869, aikin Moseley na 1913 ya kawo lamba, shi ya sa argon mai lamba 18 yake gaban fotashiyam mai 19 ko da yake ya ɗan fi shi nauyi.

P fosforas ne, fotashiyam K ne. Je ka dubi buhun takin NPK a shagon kowane mai taki, uku ne daban-daban. Kanwa kuma da ake kira fotash da Turanci, mafi yawanta gishirin sodiyam ne, kada ka kai ta misali.

Co ƙarfen kobal ne, CO iska ce mai kisa. Ka kula da babban baƙi da ƙarami.

Fulorin ya fi kowa jawo ilektiron a cikin haɗi, amma wajen sakin makamashi in atom ya karɓi ilektiron, kulorin ne a gaba. Tambayoyi biyu ne, kada a cakuɗa.

A rukuni na 1, wato layin tsaye na farko, zafin haɗuwa yana ƙaruwa in ka gangara, fotashiyam ya fi sodiyam hauka a cikin ruwa. A rukuni na 17 akasin haka ne, fulorin na sama shi ne sarkin faɗa. Hiliyam kuwa ilektiron biyu gare shi, amma a rukuni na 18 yake zaune, domin ɓawonsa guda ne kuma ya cika.