Babi na Shida: Ƙawata Katako da Wuta

Darasi na 1: Abin da za mu yi da abin da za a tanada

Sannunku da isowa babi na shida. Wanda ya kawo nan ya riga ya iya auna katako da tef, ya iya karanta lambar da ke jiki. Madalla da ku. A wannan babi za mu ɗauki saman ɗan tebur ko na benci, mu ƙona fuskarsa da wuta, mu kankare, mu shafa mai. Idan aka yi daidai, zai fito baƙi mai sheƙi, jijiyar itacen ta taso har ana jin ta da yatsa. Irin waɗannan kaya ne gwanaye ke yi da hannu ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a taɓa samun biyu iri ɗaya, don wuta ba ta maimaita zane.

Mutanen Japan sun daɗe suna wannan aiki don katakon bangon gidajensu. Suna kiran sa yakisugi. Sukan ɗaure falanki uku su tsayar kamar bututun hayaƙi, su kunna wuta daga ƙasa ta bi ta ciki. Mu ba haka za mu yi ba. Da bututun wuta mai aiki da gas za mu yi, irin wanda ake riƙewa a hannu ɗaya.

Ku tanadi bututun wutan, da burushin waya, da burushi mai laushi, da tsumma, da man linsid (man da ake shafa wa katako), da safar hannu ta fata, da takunkumi, da tabarau. Ku cika bokiti da ruwa ku ajiye kusa da ƙafarku. Na ce ku cika shi kafin a kunna wuta. Bokiti babu ruwa ba bokiti ba ne.

Katakon ya zama tsirara: babu fenti, babu banish, ba a jiƙa shi da maganin gara ba. Kada ku ƙona filawud ko katakon da aka haɗa da gari da gam. Hayaƙinsu guba ne. A fili za a yi aikin, a kan ƙasa ko siminti, nesa da ciyawa. Kuma a ƙona kowane yanki shi kaɗai kafin a haɗa teburin, domin zafi yana kwance gam.

Kalmomin karantawa: wuta, katako, gawayi, jijiya, bokiti. Jijiya a nan ita ce dogayen layukan da kuke gani a jikin katako daga wannan kai zuwa wancan. Ku nemo su yanzu, ku bi su da yatsa.

Darasi na 2: Hannu ba ya tsayawa

Wannan shi ne darasin. Wanda ya iya shi ya iya babin.

Kada ku kunna wuta tukuna. Ku ɗauki bututun a kashe. Ku kwantar da guntun katako na gwaji, ba na teburin ba. Tsakanin bakin bututu da katako ku bar faɗin yatsu huɗu. Yanzu ku ja hannu daga hagu zuwa dama, kuna bin jijiya, kamar mai shafa fenti. Ku wuce bakin katakon gaba ɗaya, sannan ku juyo. A wajen katako ake juyawa. Ku sake karanta wannan jimla: a wajen katako ake juyawa. Ku yi haka sau ashirin babu wuta. Kada ku ji kunya don wani yana kallo. Kowa daga nan ya fara.

Me ya sa? Katako yana fara zama gawayi a wajen digiri 300. Harshen wutar da ke hannunku ya haura digiri 1,000. Ruwan da kuke gudu idan ya tafasa digiri 100 ne kawai. To ku auna. Inda hannu ya tsaya na ƙiftawar ido biyu, wuta ta ci rami, kuma ramin wuta ba ya cikewa.

Yanzu ku sa tabarau da safar hannu, ku juya bakin bututun ya kalli nesa da ku da kowa, ku kunna. Ku fara motsa hannu tun wutar ba ta hau katako ba. Ku shigo da ita tana tafiya, ku fitar da ita tana tafiya. Hannu ba ya tsayawa.

A jan farko ba za ku ga wani abin kirki ba, sai ɗan launin ƙasa-ƙasa. A nan ne zuciya ke cewa, "Bari in ɗan jira ya yi baƙi." Kada ku saurare ta. Ku sake ja. A ja na biyu da na uku launin zai yi duhu, layukan jijiya su fito ɓaro-ɓaro. Ku ci gaba zai yi baƙi ƙirin. Ku ƙara, fuskar za ta tsattsage kamar fatar kada. Duk launin da kuke so, da yawan ja ake samunsa, ba da jira ba. Baƙi bai yi ba? Ƙara ja. Har yanzu bai yi ba? Ƙara ja. Hannu dai ba ya tsayawa.

Na sha tsayawa a bayan masu koyo ina kallon hannunsu, kuma wuri uku ne hannun ke tsayawa. Na farko a bakin katako, wurin juyawa, shi ya sa za ka ga katakon sabon hannu kansa biyu sun cinye, tsakiya fari. Na biyu a kan ƙulli, wato idon reshe. Ƙulli yana da tauri, ba ya saurin yin baƙi, sai mutum ya tsaya yana yi masa gardama, kafin ya ankara gefen ƙullin ya zama rami. Ku bar ƙulli da halinsa, kyau yake ƙarawa. Na uku idan an yi wa mutum magana. Wani dattijo a ajina, hannunsa ya fi na kowa natsuwa, ya kusa gama saman benci. Aka kira sunansa, ya waiwaya ya amsa. Da ya juyo, tabo kamar tafin jariri ya zauna a tsakiyar aikin kwana biyu. Bai ce uffan ba, ya daɗe yana kallon wurin. Idan an yi muku magana, ku ɗauke wutar daga katako tukuna, ku kashe, sannan ku amsa.

Idan kun ɓata guntu ɗaya ko biyu, ba komai, don haka aka yi guntun gwaji. Sannu ba ta hana zuwa. Amma gaskiya, 'yan'uwa, akwai abin da ke ɓata mini rai. Ku manya ne, wasunku sun haife ni, ba na so in riƙa faɗa kamar ina tare da yara. Sai in faɗa sau goma, a gyaɗa kai, in juya baya, in dawo in tarar da mutum riƙe da waya a kunne, wuta tana cin wuri ɗaya. Wannan ba rashin fahimta ba ne, ganganci ne. Wanda ba zai ajiye waya ba ya ajiye bututu. Kuma masu tsallake jan ashirin na babu wuta saboda sun ga kamar wasa ne, ina gane ku daga katakonku.

To, a yi haƙuri, mu koma. Idan ƙaramar wuta ta kama jikin katakon tana bi, kada ku firgita. Ku ɗauke bututu, yawanci da kanta take mutuwa. Idan ba ta mutu ba ku yayyafa ruwa da hannu. Idan kun gama fuska ɗaya, ku juya ku ƙona bayan ma, ko da sama-sama. Katakon da aka ƙona gefe ɗaya yakan lanƙwashe kamar kwale-kwale, saboda gefen ya bushe ya takure. A bayan ma dokar tana nan: hannu ba ya tsayawa.

Aikin rubutu: ku rubuta "Hannu ba ya tsayawa" sau biyar a littafinku. Ku karanta da ƙarfi. Ku cike gurbi: A ______ katako ake juyawa.

Darasi na 3: Kankarewa da shafa mai

Ku bari ya huce sarai. Ku kai bayan hannu kusa ku ji, kada ku dafa. Ku sa takunkumi, don ƙurar gawayi ba ta da kirki a ƙirji.

Ku goge da burushin waya kuna bin jijiya. Idan kuka gitta, ƙarcen zai zauna har abada. Za ku ga wasu layuka suna zurfi wasu suna tashi. Itace yana da sashe mai laushi da sashe mai tauri a jere, wuta ta fi cin mai laushin, burushi ya kwashe shi, mai taurin ya tsaya. Wannan tudu da kwari shi ne kyan aikin. A nan ne kuma burushi ke tona asiri. Duk inda hannunku ya tsaya jiya, yau zai fito rami. Idan kun ga haka, ku koma Darasi na 2. Ba hukunci ba ne.

Ku bi da burushi mai laushi, ku share da tsumma mai ɗan danshi har ya daina baƙanta hannu. Ya bushe. Ku shafa man linsid kaɗan-kaɗan, ku goge wanda ya kwanta bai shiga ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu ku ƙara.

Tsumman man nan kada a dunƙule shi a jefa a lungu. Yakan yi zafi da kansa har ya kama wuta babu ashana. Ku shimfiɗa shi a fili ya bushe, ko ku tsoma shi a ruwa.

Darasi na 4: Lanƙwasa katako da tururi

Zafi da danshi suna sa katako ya yi laushi. Ana sa siririn katako a dogon akwati, a tura masa tururi. Ƙa'idar kafintoci ita ce awa ɗaya ga kowane inci ɗaya na kauri. Ana fitarwa a naɗe shi a jikin abin da aka sassaƙa da siffar da ake so, a ɗaure, a bari ya bushe. Da hanzari ake yi, don yana hucewa ya ƙi. Ta wannan hanya wani kafinta Bajamushe, Michael Thonet, ya fito da kujerarsa mai lamba 14 a birnin Biyena na ƙasar Austriya a 1859, da yanki shida na katako, kuma har yau ana yin ta. Ku nemi katako mai miƙaƙƙiyar jijiya marar ƙulli. Wasu za su karye. Tururi yana ƙona fata, ku sa safar hannu.

Darasi na 5: Ƙafafun ƙarfe

Ƙarfe yana lanƙwasuwa idan ya yi ja zuwa ruwan ɗorawa. Idan jan ya dushe, a mayar wuta. Ƙarfen da ya koma baƙi yana iya zama da zafi, da awartaki ake ɗauka. Kada a gasa ƙarfe mai rufin zinki. Sauran ku je ku zauna wurin maƙeri ku gani, ba a littafi ake koyon masaba ba.

Darasi na 6: Gilashi

Ana narka shi a tanderu, a hura ta bututu, a sanyaya shi a hankali don kada ya fashe. Ba mu da tanderun, saboda haka ba za mu yi ba.

Mako mai zuwa kowa ya zo da guntun katako uku da littafin rubutunsa.