Yadda za ka haɗa kwamfuta ka ƙara mata gudu alhali kamfani ya ce a dawo da madabod ɗin

Jama'a, idan ka tara kayan haɗa kwamfutar tebur sai kawai ka ji sanarwa cewa madabod ɗin da ka saya, wato babban bod ɗin da ake jona dukkan kayan kwamfuta a jikinsa, tana da matsala kuma kamfani na karɓar ta, abu na farko kada ka firgita ka kwance komai, kada kuma ka yi kunnen uwar shegu ka ce ai tawa lafiyarta ƙalau. Abin da ake buƙata shi ne ka san ainihin ɓangaren da ya lalace, ka kauce masa, ka kare fayilolinka, sannan ka ci gaba da aikinka har musanya ta zo. Zan yi bayanin ne da matsalar 2011 ta Intel, don ita ce misalin da ya fi fitowa fili, kuma har yau waɗannan bod ɗin suna yawo a hannun masu sayar da na hannu, mutane na saye ba tare da sun san tarihinsu ba, abin da ke damuna ke nan.

Ga abin da ya faru. A watan Janairun 2011 Intel ta fitar da furosesa na Sandy Bridge, irin su Core i5-2500K da i7-2600K masu zama a soket LGA1155, tare da cifset P67 da H67, wato cif ɗin da ke jikin bod mai haɗa furosesa da diski da sauran kaya. Ranar 31 ga watan sai kamfanin ya sanar cewa akwai kuskure a cifset ɗin, wani ɗan taransisto a da'irar da ke ba kafofin SATA (inda ake jona diski) masu 3Gbps agogo yana yoyon wuta, kuma yoyon ƙaruwa yake yi da tafiyar lokaci. Intel ta ƙiyasta gyara da musanya za su ci mata kusan dala miliyan 700, ban da kusan miliyan 300 na cinikin da ta rasa. Furosesan kansa lafiya lau yake fa, wannan shi mutane da yawa ba su gane ba a lokacin, matsalar tana cikin cifset ɗin da ke manne a jikin bod.

Fara da gano wacce ke hannunka

Cifset mai matsalar ana kiran sa B2, wanda aka gyara kuma B3. Kamfanonin bod sun saka alama a kwali da jikin bod ɗin, Gigabyte ta ƙara B3 a ƙarshen sunan samfuri, MSI ma haka, ASUS kuma za ka ga an rubuta REV 3.0. Amma ni dai ba na yarda da kwali kaɗai musamman a kayan hannu, don kwali ana iya musanya shi. Ka kunna injin, ka sauke manhajar CPU-Z mai nuna bayanan kayan injin, ka shiga shafin Mainboard ka duba layin cifset ɗin, zai nuna maka B2 ko B3. Idan bod mai cifset Z68 ce to hankalinka ya kwanta, ita a watan Mayun 2011 ta fito bayan an riga an gyara.

Idan B3 ce shi ke nan, tsallake zuwa haɗawa. Idan B2 ce, saurara da kyau don nan ne gundarin maganar. Cifset ɗin yana da kafofin SATA guda 6, lamba 0 da 1 masu 6Gbps ne kuma matsalar ba ta shafe su ba ko kaɗan, lamba 2 zuwa 5 su ne masu 3Gbps kuma su ne ke lalacewa. Saboda haka diskin da Windows ke kai, da wanda ka zuba ayyukanka da hotunan iyali, a 0 da 1 za su zauna ba wani wuri ba. Yawanci launinsu daban ne da sauran amma kada ka yi aiki da launi, buɗe littafin bod ɗin ka duba zanen, don wasu bod suna da ƙarin kafofi biyu na wani cif daban irin na Marvell, su ma matsalar ba ta taɓa su ba, sai dai ba su kai na Intel sauri ba, sun fi dacewa da diskin ajiya kawai. In diskinka sun fi kafofin masu lafiya yawa, sayi ƙaramin katin SATA mai shiga PCIe, wato ramin da ake soka kati a jikin bod. Abin da kawai zan iya haƙuri in ga an jona a 2 zuwa 5 shi ne na'urar DVD, don ko ta daina aiki babu abin da ka rasa.

Kuma lalacewar ba faɗuwa ɗaya take yi ba, a hankali take zuwa. Kurakurai na ƙaruwa a hanyar da bayanai ke bi, sai a riƙa maimaita aikawa, kwafi ya riƙa jan ƙafa, wata rana ka kunna ka ga diskin ya ɓace gaba ɗaya kamar ba a jona shi ba. Ka saka manhajar CrystalDiskInfo mai duba lafiyar diski ka riƙa leƙa layin C7, wato ƙidayar kurakuran CRC, in lambar na hawa to akwai matsala tsakanin diski da bod, ka fara canza waya tukuna don wayar SATA marar kyau ma tana jawo haka, in ta ci gaba da hawa to kafar ce. Bakof kuwa wajibi ne, kwafi ɗaya a diskin waje wanda ba ya jone da injin kullum.

Haɗawa

Ni shawarata ka fara haɗawa a waje, ka ɗora bod ɗin a kan kwalinta, furosesa da ram da fanka da katin hoto kawai, ka ga ta tashi ta nuna bayos, wato shafin saitin bod ɗin, kafin ka wahalar da kanka da ɗaure noti a akwati. P67 ba ta fitar da hoto daga furosesa, dole sai da katin hoto, kada ka tsaya neman inda za ka jona allo a bayanta. Taɓa ƙarfen akwati kafin ka taɓa kaya saboda wutar jiki. Wajen saka furosesa ka bi ɗan kusurwa mai alama da tsagi biyun da ke gefe, ka ajiye shi a hankali ya zauna da kansa, babu dannawa, don alluran suna cikin soket ne kuma siraran gaske ne.

Murfin robar nan baƙi da ke rufe soket, don Allah kada ka yar da shi. Idan za ka mayar da bod sai ka rufe soket da shi, kamfanoni suna ƙin karɓar bod mai lanƙwasassun allurai, za su ce kai ka lalata, ka tashi babu musanya babu kuɗi. Haka kwali da rasit da farantin baya da wayoyin da suka zo ciki, tattara su wuri ɗaya. Kuma tunda ka san za ka sake kwancewa, kada ka ɗaure wayoyi tamau da abin ɗauri da sai an yanka, bar su sakwa-sakwa, ka ajiye ragowar man da ake shafa wa furosesa don za ka sake buƙatar sa.

Ram guda biyu a ramuka masu launi ɗaya kamar yadda littafin ya nuna, DDR3 mai 1.5V ta fi dacewa da wannan furosesan, mai 1.65V tana aiki amma ita ce iyaka. Man sanyi ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa. Kada ka manta da wayar wuta mai fil 8 da ke sama kusa da furosesa, ita ake yawan mantawa sai a ga fanka na juyi allo baƙi. Kafin ka saka Windows shiga bayos ka mayar da yanayin aikin SATA zuwa wanda ake kira AHCI, ka rubuta hakan a takarda, don sabuwar bod ma haka za ka saita ta in ba haka ba Windows zai ƙi tashi.

Ƙara gudu

Tambayar da kowa ke yi, shin obakulokin, wato ƙara wa furosesa gudu, zai ƙara lalata kafofin? A wannan tsarin ta hanyar maltiflaya ake ƙara gudu, wato lambar da ake ninka agogon tushe da ita a samu gudun furosesa, abin da ke cikin furosesa ne, ba ruwansa da kafofin SATA. Inda haɗarin yake shi ne BCLK, agogon tushe mai 100MHz, don a Sandy Bridge shi ne ke ba PCIe da SATA da sauransu lokaci, in ka ɗaga shi ko da kaɗan ne kana matsa wa ainihin ɓangaren da ke da rauni, kuma ribar ba ta taka kara ta karya ba. Bar shi a 100 cif, a B2 ko a B3. Sannan ka sani sai furosesa mai K a ƙarshen suna da bod P67 ko Z68 ne ke buɗe maltiflaya sosai, H67 ba ta bari a ƙara wa furosesa gudu.

Kafin ka taɓa komai, bar injin a yadda ya zo na 'yan kwanaki, ka gudanar da Prime95 mai gwada furosesa na awa ɗaya ko biyu da MemTest86 mai gwada ram dare guda, ka rubuta zafin da ka gani. Wannan matakin mutane na raina shi amma a lokacin da ake janye kaya ya fi kowane muhimmanci, saboda in injin ya fara tsayawa daga baya kana buƙatar sanin ko saitinka ne ko kuwa matsalar bod ce, in ka cakuɗa su biyun wallahi sai ka yi sati kana ƙara wuta kana ragewa alhali diski ne ke yankewa.

2500K yana zuwa da 3.3GHz, turbo har 3.7, 2600K kuma 3.4 zuwa 3.8. Fankar da ke zuwa cikin kwali ba za ta ɗauki wannan aikin ba, nemi babbar hitsink, wato ƙarfen da ke janye zafi daga furosesa, mai bututun tagulla da fanka 120mm. Shiga bayos, saka maltiflaya a 40 ga dukkan kwas ɗin (ƙwaƙwalen da ke cikin furosesa), wato 4.0GHz, yawanci wannan ba ya buƙatar ƙarin wuta. Amma kada ka bar Vcore, wato wutar da ake ba furosesa, a Auto in ka wuce nan, don bod na zuba wuta fiye da kima don kawai ta tabbatar injin ya tashi, zafi ya yi yawa a banza. Saka da hannunka, ka fara wajen 1.25V, ka hau 42, ka gwada minti 20 zuwa 30 kana kallon zafi a Core Temp ko RealTemp da wutar gaske a CPU-Z, in ya ci gwajin ka hau 43, 44, haka dai ɗaya bayan ɗaya. In ya faɗi ko ya nuna shuɗin allo mai lamba 101 ko 124, galibi wuta ce ta yi kaɗan, ƙara 0.01 ko 0.02 ka sake gwadawa.

Yawancin waɗannan furosesan suna kai 4.4 zuwa 4.5GHz da wuta wajen 1.3 zuwa 1.35V, wasu su wuce wasu su gaza, sa'a ce ta kowane cif, kada ka kwafi lambobin wani ka ce dole naka ya yi. Ni a ra'ayina don amfanin kullum kada a wuce 1.35V, zafi kuma ya tsaya ƙasa da digiri 80 a lokacin gwaji mai tsanani, duk da cewa sai wajen 98 furosesan ke fara rage gudu da kansa don kare kansa. Akwai Load-Line Calibration da ke rage faɗuwar wuta idan aiki ya yi nauyi, matsakaici ya isa, matakin ƙarshe yana sa wuta ta zarce abin da ka saka. Internal PLL Overvoltage kuma sai za ka haura 4.6 ko sama ake buƙatar sa, kuma an san shi da hana injin farkawa daga barci a wasu bod, in ba dole ba bar shi a kashe. Gaskiya bambancin 4.5 da 4.8 ba ka jin sa a aiki, zafi da wutar da za ka ƙara kuwa kana jin su. Idan ka samu inda ya zauna, bar Prime95 ya yi awa 8 ko fiye, sai bayan nan ka kunna XMP, wato saitin da ke sa ram ya yi cikakken gudunsa, ka sake gwaji, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Idan ya ƙi tashi sam, kashe wuta ka goge CMOS, wato ma'ajiyar saitin bayos, da jamfa ko ka cire batirin CR2032 na ɗan lokaci, komai zai koma yadda yake.

Ka tuna garantin furosesa ba ya ɗaukar lalacewar da ƙara gudu ya jawo, kuma musanyar da kamfani ke yi ta bod ce kawai, in ka ƙona furosesa kana jiran sabuwar bod asarar taka ce. Shi ya sa nake ganin a wannan tsakanin mutum ya tsaya a matsakaici, 4.2 ko 4.3, ya bar neman ƙololuwa sai bod ta dindindin ta zo.

Ranar musanya

Yi rajista da wuri ta wurin wanda ya sayar maka ko shafin kamfanin bod ɗin, da lambar siriyal, ka tambaya ko suna fara turo sabuwa kafin ka mayar da tsohuwa don kada ka zauna babu inji. Ɗauki hoton kowane shafi na bayos da wayarka, don fayil ɗin saiti da ka ajiye ba lallai ya buɗu a wani bashon na bayos ba. Mayar da komai difolt, sabunta bakof, ɗauki hoton soket a fili yana nuna allurai lafiya kafin ka rufe murfin. Goge tsohon man da alkohol na isofurofil ka shafa sabo. Windows na iya neman a sake aktibetin saboda yana ganin bod ta canza, ajiye makullinka kusa.

Sabuwar bod kuma kada ka zuba mata tsofaffin lambobi kai tsaye, ko da samfuri ɗaya ce yadda take ba da wuta na iya ɗan bambanta, sauko da mataki biyu ka sake hawa kana gwadawa, ka duba CPU-Z ka tabbatar B3 aka turo maka. Wanda kuma yau yake shirin sayen irin wannan bod ta hannu, shekaru sun ja, kada ka sa ran wani zai musanya maka B2, ka sa mai sayarwa ya kunna ta a gabanka ka duba, in B2 ce kuma diski biyu sun ishe ka to za ta yi aiki a kafa 0 da 1, in kana da diski da yawa nemi B3 ko Z68.