Yadda Ake Shimfiɗa Ƙasa Mai Araha a Tankin Kifi Mai Tsirrai

Ƙasar musamman da ake shigowa da ita daga waje, irin ta kamfanin ADA na Japan, tana da tsada ƙwarai, alhali jar ƙasar marmara da ke ko'ina a arewacin Najeriya tana ɗauke da sinadarin ƙarfen da saiwoyin tsirran ruwa irin su Vallisneria (wata ciyawar ruwa mai dogayen ganye) ke buƙata.

A ɗebo marmarar daga wurin da ba a zuba takin zamani ko maganin ƙwari ba, domin waɗannan suna kashe kifi. A shanya ta, a daka, a tankaɗe, sannan a ɗiga ruwan lemun tsami a kan kaɗan daga ciki. Idan ta yi kumfa, akwai farar ƙasa a cikinta, gara a nemi wata.

A shimfiɗa ta a gindin tankin gilashi da kaurin santimita 1 zuwa 2, a rufe da wankakken yashin kogi santimita 4. Wannan rufin shi ne abu mafi muhimmanci a ganina, domin yumɓun da ya tsere sama yana mayar da ruwa jawur na kwanaki. Saboda haka a ɗora faranti a kan yashin, a riƙa tsiyaya ruwa a kansa sannu a hankali.

Wanda ke gudun laka zai iya farfasa tsingaron sabuwar tukunyar ƙasa marar fenti ƙanana-ƙanana, ya shimfiɗa su a maimakon marmarar, tunda gasasshen yumɓu ba ya narkewa kuma yana riƙe abincin tsirrai. A dasa tsirrai nan take, amma a jira mako 3 zuwa 4 kafin a saka kifi.