Kurakuran Zaɓen Darussa da Ke Hana Ɗalibi Gurbin Jami'a Tun Yana Aji Huɗu

Duk shekara idan jami'o'i suka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbi, sai ka ji ƙorafi gida-gida: yaro ya ci JAMB da maki mai kyau amma an hana shi. Nan da nan a ɗora laifin kan rashin hanya. Wani lokacin akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma sau da yawa idan aka baje takardun yaron a kan tebur, sai a tarar ɓarakar ta faro ne shekara uku baya, ranar da aka raba 'yan aji huɗu, wato SS1, zuwa ajin kimiyya da na at da na kasuwanci. Ran nan ake yanke rabin hukuncin shiga jami'a, kuma galibi ba uba a wurin, ba uwa, ba wanda ya tambayi yaron abin da yake son zama.

Zaɓen aji kafin zaɓen kwas

Wannan shi ne uban kurakurai. Yaro ya shiga ajin kimiyya don abokinsa na can, ko don a unguwa ana ganin ajin at na marasa ƙoƙari ne. Wata kuma ta gudu zuwa ajin at don tsoron malamin Lissafi, alhali burinta aikin jinya.

Daga ƙarshe, wato daga kwas ɗin da yaro yake so, ake faro lissafin. A zauna da yaro a fitar da kwas biyu ko uku da yake sha'awa, sannan a buɗe kundin JAMB da ke shafinta na intanet, wanda ake kira IBASS, a duba abu biyu a gaban kowane kwas: darussan da ake so a samu kiredit a kansu a jarrabawar kammala sakandare, da darussa huɗu da za a rubuta a JAMB. Akwai kuma gefen da ke nuna sharuɗɗan musamman na kowace jami'a, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Abin da Jami'ar Bayero ta yarda da shi ba lallai ne Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Usmanu Danfodiyo su karɓa ba.

Likitanci da haɗa magunguna da aikin jinya duk hanyarsu ɗaya: kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, sannan a JAMB a rubuta Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Injiniyanci kuwa Lissafi ne ke maye gurbin Bayoloji a JAMB. Mai son ilimin kwamfuta ba shi da makawa daga Lissafi da Fiziks. Akanta da Tattalin Arziki suna neman Lissafi da darasin Tattalin Arziki. Lauya kuma, Adabin Turanci ne ƙashin bayansa, tare da darussa irin su Gwamnati ko Tarihi ko Addinin Musulunci.

A dakata a kan Adabin Turancin nan, domin ya kayar da yara da yawa a Arewa. Akwai makarantun da ba su da malaminsa sam, sai a cike gurbin da wani darasi. Yaro ya gama da kiredit takwas, ya nemi lauya ko aikin jarida, sannan ya ji cewa darasin da bai taɓa shiga ajinsa ba shi ake nema. Tun a zangon farko na aji huɗu ya kamata uba ya tambayi shugaban makaranta kai tsaye: kuna koyar da Adabin Turanci, kuma kuna yi wa yara rajistarsa a WAEC da NECO? In amsar babu ce, ko a sauya makaranta tun da wuri, ko a nemo malami a waje tare da tabbatar da cewa makarantar za ta sa darasin cikin rajista.

Haka zancen yake ga wanda ya ajiye Bayoloji ya riƙe darasin Noma. A kwasa-kwasan aikin gona jami'o'i da dama suna karɓar ɗaya a madadin ɗaya, amma a likitanci Noma ba ya tsaya wa Bayoloji. Ɗan ajin kimiyya da bai gama yanke shawara ba ya riƙe Fiziks, Kemistiri da Bayoloji duka ukun, kada ya saki ko ɗaya.

Ƙirga kiredit ba tare da duba ko na mene ne ba

A WAEC da NECO, daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 fas ne kawai, F9 kuma faɗuwa. Ɗalibi kan rubuta darasi takwas ko tara, jami'a kuma tana neman kiredit biyar, amma biyar ɗin da suka shafi kwas ɗin da aka nema. Sai ka ga yarinya riƙe da sakamako tana murna: kiredit bakwai. A bi layi ɗaya-ɗaya: Sibik (ilimin zama ɗan ƙasa) B2, darasin sana'a A1, Hausa B3, Addini B2, Bayoloji C4, Turanci C6, Lissafi C5, Kemistiri D7, Fiziks E8. In aikin jinya take nema, kiredit uku gare ta, ba bakwai ba. Sibik da darasin sana'a suna da amfaninsu, amma ba su cike gurbin Kemistiri.

Kuma ba a tsaya kan samun C6 ba. Wasu jami'o'in suna ba kowane mataki maki, su haɗa da makin JAMB da na jarrabawar tantancewa da suke yi da kansu. A irin wannan lissafi, mai A1 a Fiziks ya sha gaban mai C6 ko da makinsu na JAMB ɗaya ne.

Sai batun Lissafi ga 'yan ajin at. A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa kiredit a Lissafi ba sharaɗi ba ne ga masu neman kwasa-kwasan at, daga baya kuma ta fayyace cewa dole kowane ɗalibi ya yi rajistarsa ya rubuta. Kada wannan ya sa yaro ya yi watsi da Lissafi. Wanda ya ci shi yana da damar komawa Tattalin Arziki ko harkar kasuwanci idan kwas ɗin farko ya ƙi, wanda ya sake shi kuwa ya toshe wa kansa waɗannan ƙofofin.

Zama ɗaya da zama biyu

Yawancin kwasa-kwasai suna yarda a haɗa sakamako biyu, misali a ɗauko Turanci daga NECO a haɗa da sauran na WAEC. Shi ake kira zama biyu, ko da a shekara ɗaya aka rubuta su. Amma a likitanci jami'o'i da yawa zama ɗaya suke so, wato kiredit biyar ɗin su fito a takarda guda. Saboda haka wanda ya faɗi Kemistiri kaɗai, ya je ya sake rubuta Kemistiri kaɗai a jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, ya gyara wa kansa hanyar wasu kwasa-kwasan amma bai gyara ta likitanci ba. In likitanci yake so, ya sake rubuta biyar ɗin gaba ɗaya.

In da hali, ɗalibi ya rubuta WAEC da NECO duka a aji shida, kuma darussan da ya yi rajista a ɗaya su zama su ne a ɗayar. Masu fitowa daga makarantun Larabci da na haddar Alƙur'ani da ke rubuta jarrabawar NBAIS, da 'yan makarantun fasaha masu rubuta NABTEB, su duba a kundin JAMB ko jami'ar da suke so tana karɓar takardarsu a wannan kwas ɗin takamaimai.

Sauya aji ko makaranta a ƙurarren lokaci

Sakamakon WAEC na 'yan makaranta ba daga zauren jarrabawa kaɗai yake fitowa ba. Kashi 30 cikin ɗari yana zuwa ne daga makin gwaje-gwajen aji da makaranta ke turawa, na tun daga aji huɗu. Yaron da ya tsallaka daga at zuwa kimiyya a aji shida ba shi da wannan tarihin a Fiziks da Kemistiri, ga kuma karatun shekara biyu da ya wuce shi. In za a sauya, a yi kafin ƙarshen aji huɗu. Farkon aji biyar shi ne iyaka, shi ma sai da darasin ƙari.

Akwai kuma aikin ɗakin gwaji, wanda ake rainawa har sai ranar ta zo. Ɗalibin da bai taɓa riƙe bututun awon asid ba, ran jarrabawar Kemistiri za a ajiye masa shi a gaba. Hannu na rawa, ya buɗe famfon da yawa, launin ruwan da ke cikin kwalbar ya juye tun bai ankara ba, ya rubuta adadin da ya zarce, duk lissafin da ya biyo baya ya rushe. Abin da ke hana wannan shi ne maimaitawa: ɗigo-ɗigo idan an kusa, ido daidai da layin ruwan, a yi sau uku a ɗauki matsakaici. Iyaye su shiga ɗakin gwajin makaranta su gani da idonsu kafin su biya kuɗi. A Kano, wannan na cikin dalilan da suka sa ake rububin makarantun kimiyya irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu.

Barin mai shagon kwamfuta ya zaɓa wa yaro darussan JAMB

JAMB darasi huɗu ce, Turanci dole, sai uku da kwas ya tanada. Tambaya 180 a awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran, jimillar maki 400. Kuskuren da ake yi shi ne yaro ya zaɓi darussan da ya fi iyawa maimakon waɗanda ake nema. Mai son injiniyanci ya sa Bayoloji a wurin Lissafi don ya tara maki, ya kuwa tara, amma makin ba zai kai shi injiniyanci ba. Bayan an rubuta jarrabawa ana iya biyan kuɗi a sauya kwas ko jami'a, amma ba a sauya darussan da aka riga aka rubuta. Sakamakon kuma na shekara ɗaya ne. Kuskuren minti biyu a gaban kwamfuta, shekara guda a gida.

A rubuto darussan huɗu a takarda tun daga gida, a je cibiyar da JAMB ta amince da ita, kuma kada a tashi sai an karanta takardar da aka buga layi-layi.

Wajen zaɓen jami'a ma ana tafka kuskure. Mafi ƙarancin makin da aka amince da shi a 2025 don shiga jami'a 150 ne, amma wannan ƙofar waje ce kawai. Kwasa-kwasan da ake rububi kamar likitanci da lauya suna neman sama da haka nesa ba kusa ba. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ayyana suna baya a ilimin boko. Ɗan Katsina ko Jigawa da ya sa jami'ar da jiharsa ke yankinta a zaɓin farko ya fi samun dama a kan ya nemi wata mai nisa. Manyan jami'o'i da yawa ba sa ko kallon wanda ya sa su a zaɓi na biyu.

Suna, shekaru da layin waya

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma sunan da ke kanta shi JAMB ke ɗauka. Mu kuwa suna ɗaya muna rubuta shi iri uku: Muhammad a NIN, Mohammed a WAEC, Muhammadu a takardar haihuwa. A'isha a nan, Aishatu a can. Wani ya sa sunan garinsu a takarda ɗaya ya bar shi a ɗayar. Wannan kan tsayar da ɗalibi wurin tantancewa, wani lokacin ya biyo shi har zuwa bautar ƙasa. A yi NIN tun a aji huɗu, a gyara duk abin da ke buƙatar gyara, sannan a ba jami'in jarrabawa na makaranta kwafinta don ya kwafi suna da ranar haihuwa harafi da harafi.

Layin wayar da aka tura NIN da shi zuwa 55019 ko 66019 don karɓar lambar rajista ya zama na ɗalibin ne ko na iyayensa, kuma a adana shi, domin ta nan saƙonnin JAMB za su riƙa zuwa. Kada a yi da layin mai shago.

Mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne. Masu tsallakar da yara aji don su gama da wuri su yi wannan lissafin tun yaro na firamare.

Bayan sakamakon WAEC ko NECO ya fito, wanda ya yi rajistar JAMB yana jiran sakamako dole ya koma cibiya a ɗora masa shi a shafin JAMB. Kai wa jami'a kaɗai bai wadatar ba, domin tun 2017 ta manhajar JAMB mai suna CAPS ake ba da gurbi, kuma wanda sakamakonsa ba ya ciki ba za a ba shi ba. In gurbin ya fito, a shiga a danna amincewa cikin wa'adin da aka bayar.

In an riga an yi kuskuren

Wanda kiredit ɗinsa bai cika ba yana da jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC, wadda ake yi sau biyu a shekara, da ta NECO a ƙarshen shekara. A irin wannan ba a neman makin aji, kuma a ta WAEC aikin gwaji a rubuce ake amsa shi. Akwai makarantun share fage irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa. Wanda kiredit ɗinsa ya cika amma JAMB ta ƙi, yana iya yin IJMB, wato karatun share fage na gaba da sakandare, ko difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, ko NCE, ya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Sai dai duk waɗannan hanyoyin ba sa ɗauke sharaɗin kiredit biyar na kwas ɗin. Wanda ba shi da Kemistiri, ko ya ci IJMB da maki mai kyau, za a tambaye shi Kemistirin ran tantancewa, don haka ya yi rajistar sake rubuta shi a shekarar da ya fara IJMB ɗin.