Yumɓu ba ya son rana: kurakuran sabbin malamai a aikin hannu na yara

Duk watan Oktoba in an koma lakwal a nan Tawa, sai in ga sabbin malaman CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu na firamare, suna faɗawa ramin da na taɓa faɗawa. Bakina ya gaji da faɗi, bari in rubuta.

Babbar ɓarna ita ce shanya aikin yumɓu a rana. Wata shekara, saura mako guda bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar, na sa yarana suka gina raƙuma da shanu da ƴan tukwane don iyaye su zo su gani. Garin sauri na jera su a tsakar fili, ga rana ga iskar hunturu. Kafin la'asar duk sun tsattsage, wuyan raƙuma ya kakkarye. Wata yarinya ta rungume guntayen saniyarta tana kuka har aka tashi. Da na kai ƙorafi wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane, dariya ta yi mini: "Ɗiyata, wa ya ce miki ana yi wa laka gaggawa?" Bayan ne ke bushewa ya takure alhali cikin da sauran ruwa, dole ya fashe. Tun ranar nake cuɗa yumɓu da ɗan ƙaiƙayi, ya kwana a jiƙe. A yi ƙafafu gajeru masu kauri, a lulluɓe da zane mai danshi kwana 2, sannan ya ƙarasa bushewa a kusurwar aji. Wasu yashi suke sawa. Ni ƙaiƙayi na saba da shi.

Sai masu karɓe aikin yaro su gyara. Haba malama! Kin ce ya zana tuta, da'irar tsakiya ta fito kamar ƙwai, sai ki fizge kireyon ki zana taki? Ɗan shekara 6 ne fa. Na taɓa shiga wani aji na tarar da raƙuman dawan Kure manne a bango, duk kamar an buga da hatimi, ko tambaya ban yi ba na san hannun wa. Yaran nan in ka miƙa musu takarda sai su ce "ban iya ba". Ki nuna sau ɗaya a allo, ki goge, ki naɗe hannunki.

Ƙaro in ya yi ruwa-ruwa ba ya kama komai; a jiƙa shi tun dare, ya yi kauri kamar zuma. Kada a ba yaro reza don feƙe kara, ke ki feƙe a gida. Takardar kaye ba ta jure launin zoɓo ko na lalle, kwalin sukari ya fi. A rubuta sunan kowa a baya tun kafin a fara, in ba haka ba rigima har gida.

Motocin kara kuwa a rataye su da igiya. Nawa na bari a ƙasa lokacin hutu, na dawo gara ta bar mini ƙafafun kawai, su ma don na marfin kwalba ne.