Gidan da ba a sa a kasuwa ba: inda masu saye ke tuntuɓe a Birnin Kebbi

Gidaje da yawa a Birnin Kebbi ana sayar da su ba tare da dillalai sun yi yawo da maganar ba. Bayan sallar la'asar wani zai ja ka gefe ya ce, "Alhaji, akwai gida a Badariya, amma mai shi bai son a ji." Sau da yawa dalilin na rufin asiri ne: bashi, jinya, ko kunyar a ce wane ya sayar da gidansa. Matsalar tana wajen mai saye, da ya ji an yi ƙasa da murya sai ya ɗauka ya tsinci dami a kala.

Sirri ba araha ba ne. Gidan da ke kasuwa mutane da dama sun taya shi, tayin nan nasu shi ke nuna kimarsa. Wannan kuwa kai kaɗai ne a gaban mai shi, don haka kai za ka haɗa farashin da kanka. Raba shi biyu, fili daban, gini daban. A kan fili, nemi sanin nawa aka sallama fuloti mai ƙafa 50 da 100 a wannan layin cikin 'yan watannin nan. Nawa aka sallama, ba nawa aka ce ba. Tambayi dillalai biyu da ba su da hannu a cinikin, kuma kada ka auna filin Gesse da na Bayan Kara, ko na bakin kwalta da na cikin lungu. A kan gini, kawo magininka ya ƙiyasta abin da zai ci a gina irinsa yau, sannan a cire tsufa da gyara: kwanon da ke yoyo, tsagewar bango, masai da ya cika, wayar wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin siminti da rodi suka tashi, shi ya sa ɓangarorin biyu ke ruɗewa. Mai gida na lissafi kamar sabo ya gina, mai saye na riƙe da farashin da ya ji shekarun baya. In gidan ƙasa ne da za ka rushe, fili kake saye, har kuɗin kwashe ƙasar ya kamata ya shiga lissafi.

Wani kuskuren da kan kai mutane gaban alƙali shi ne rashin tantance wanda ke da gidan. Da yawa daga gidajen da ake sayarwa a ɓoye na gado ne, kuma babban wa ne ke magana da yawun kowa. Yana iya zama mutumin kirki, amma girmansa bai ba shi ikon sayar da kason ƙannensa ba. Akwai matar mamaci da tumuninta, akwai 'ya'ya mata da ke aure a Argungu ko Jega waɗanda ba a ko kira su a waya ba, wani lokaci da marayun da ba su balaga ba. A mazhabar Malikiyya ma, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya kuɗin da ka biya su karɓe kason. Gyaran a nan ba ya son kunya. Ka ce, "Malam, a nuna mini takardar rabon gado, kuma ina son kowane magaji ya sa hannu." Wanda ba ya gari ya aiko da wakilci a rubuce. In aka ce maka tambayar nan rashin yarda ce, ka ƙara ja baya.

Sai takardu. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma gidan da ke da takardar shaidar mallaka ta gwamnati ba ya sauya hannu a doka sai da amincewarsa. Takardar mai unguwa tana da amfani wajen sanin tarihin gida da iyakokinsa, amma ba ta tsaya a madadin waccan ba. Ka ga takarda ta asali da idonka, don idan kwafi kawai ake nuna maka, mai yiwuwa ta asalin tana banki a jingine. Ka sa lauya ya bincika fayil ɗin a ma'aikatar filaye.

Ganin gida da rani ma yaudara ne. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san abin da ruwa ke yi a wuraren da ke gangare. Dubi gindin bango ko akwai alamar danshi, ka tambayi maƙwabta inda ruwan Agusta ke bi.

Wajen tayi kuma, wasu na rikicewa da an ce, "Wani ya taya, gobe zai kawo kuɗi." Ƙila gaskiya ne, ƙila matsi ne, ko wanne ne kada ka wuce adadin da lissafinka ya ba ka. Wasu kuma, da sun gane mai gida na cikin matsuwa, sai su yi tayin wulaƙanci. Ni dai ban ga riba a nan ba, don irin wannan cinikin ne dangi ke tasowa daga baya su ce an cuci ɗan'uwansu. Faɗi tayinka da dalilinsa, fili kaza, gini kaza, gyara kaza. In ya ce albarka, akwai abin tattaunawa.

Kada kafin alƙalami ya fita sai an rubuta cewa za a mayar maka da shi idan bincike ya nuna matsala. A yanke la'ada da wanda zai biya ta tun kafin sallama, a kuma sa ranar da 'yan haya za su tashi in akwai su. Kuɗin gidan su bi ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda, a gaban shaidu daga ɓangarorin biyu.